Zauren Masu Haɗa Ƙananan Motoci: Launin Ƙasa Shi Ke Juya Na Sama

Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi. Mutum ya haɗa ƙaramar motarsa ta roba, irin wadda ake ƙerawa a kashi ɗaya cikin 24 na girman motar gaske, ya nemo fentin da takardar cikin kwali ta ambata, ya fesa, sai launin da ya fito ya saɓa wa wanda ke kan murfin gwangwani. Galibi fentin ba shi da laifi. Abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa ne ya juya shi. Ga wasiƙun da muka zaɓo.

TAMBAYA: Malam, ni sabon shiga ne. Bodin motar da na saya fari ne fes, ga santsi kamar gilashi. Me zai sa in ɓata lokaci da firaima, wato shafin da ake fara yi kafin fenti? In kuma dole ne, ruwan toka zan nema ko fara?

AMSA: Ɗan'uwa, santsin nan da kake yabo shi ne matsalarka ta farko. Fenti ba ya samun abin kamawa a jikin roba mai sheƙi. Zai zauna, amma ranar da ka manna tef don raba launi biyu, kana ɗaga tef ɗin zai taho da fentin. Firaima ita ce ke cizon robar, fenti kuma ya kama ta.

Aikinta na biyu ya fi wannan muhimmanci: tona asiri. Kowane bodi yana fitowa daga zubi da siririn layi inda ɓangarorin mazubin suka haɗu, yawanci a saman madigadi, ya gangaro ta gefen fitilu zuwa bamba. Akwai kuma 'yan loɓa-loɓa inda robar ta yi kauri ta shige ciki lokacin da take hucewa. A kan farar roba ido ba ya ganinsu. A kan ruwan toka marar sheƙi, ko zanen da bai kai gashi ba sai ya fito. Saboda haka, ko wane launi motar za ta ƙare da shi, ruwan toka mai haske ita ce ta dubawa. Fara kuwa ta shiri ce, ana sa ta ne bayan an gama gyara, in launin sama ya buƙaci hakan. In kuɗinka na gwangwani ɗaya ne, ɗauki ruwan toka mai haske, ka kuma zaɓi mota mai launin shuɗi, kore, azurfa ko baƙi a karon farko.

Ga yadda ake yi. Wanke bodin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanoni da tsohon buroshin haƙori, ka bar shi ya bushe da kansa. Kankare layin zubi da bayan reza, ka bi da samfefa mai lamba 600, sannan 1000. Bi layukan ƙofofi, bonet da but da tsinin abin zane sau uku ko huɗu a hankali don su ƙara zurfi. Sannan ka shafi dukan bodin da samfefa 1500 a jiƙe har sheƙin ya mutu. Lanƙwasa wayar rataye riga ta riƙe bodin daga ciki, kada hannunka ya sake taɓa waje.

Girgiza gwangwanin minti biyu cur, ka tsayar da shi cikin ruwa mai ɗumin da hannu ke iya jurewa, kada ya wuce digiri 40. Tsaya santimita 20 zuwa 25 daga bodin. Fara danna kan feshi kafin ka iso motar, ka saki bayan ka wuce ta. Shafin farko ya zama kamar raɓa, ana hango robar ta ƙasa. Jira minti goma, ka ƙara na biyu, sannan na uku mai ɗan danshi. Bar shi ya kwana. Washegari ka haska fitila daga gefe, ba daga sama ba, ka ga abin da ya rage. Cike loɓa da fila, wato man cike rami, goge, sake fesa wurin kaɗai, sannan ka lallaɓa duka da samfefa 2000 ko 3000 a jiƙe.

Abin da ya sa muke nanata sirantar shafi shi ne lissafi. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da jikin motar gaske kusan milimita 4 ce. Raba ta gida 24, ka ga bai kai kashi biyu cikin goma na milimita ba. Shafi uku masu kauri sun isa su cike wannan layin, ƙofa ta haɗe da madigadi, motar ta koma kamar an sassaƙo ta daga sabulu. Shi ya sa masu bindigar feshi ke kula da lambar da ke jikin kwalbar firaimar Mr. Surfacer: 500 mai kauri ce, ta cike ƙananan ramuka da buroshi, 1000 da 1200 na aikin yau da kullum, 1500 ita ce mafi laushi, ta bodin mota. A sirka ta da tina, wato ruwan sirka fenti, ɗaya bisa ɗaya, ko tina ta ɗan fi yawa, a fesa da ƙarfin iska psi 15 zuwa 20 ta baki mai milimita 0.3 zuwa 0.5. Kuma a sa abin rufe hanci mai matatar sinadari a wuri mai iska. Ƙyallen rufe ƙura ba ya tare tururin tina.

TAMBAYA: Na bi ƙa'ida, na sa firaima ruwan toka, na fesa rawaya. Shafi shida na yi amma har yanzu motar kamar ta yi tsatsar kore, kuma layukan ƙofa sun toshe. Ƙawata ma ta yi ja a kan ruwan toka, ya fito kamar jinin da ya kwana, gefuna kuma duhu. Ina muka kuskure?

AMSA: Malama, ba a hannunku kuskuren yake ba, a tsarin launin yake. Ba kowane fenti ke da ƙarfin rufewa ɗaya ba. Baƙi, azurfa da ruwan toka suna rufe abin da ke ƙasa nan da nan. Rawaya, ja da ruwan goro kuwa ƙwayoyin launinsu haske na ratsa su. Hasken yakan shiga ta cikin fentin, ya bugi firaima, ya dawo wa ido. In ya tarar da fari, sai ya dawo da ƙarfinsa, launin ya yi kyau. In ya tarar da toka, rabinsa ya mutu a can. Toka kuwa fari ne da ɗan baƙi, kuma duk wanda ya taɓa ɗiga baƙi cikin rawaya ya san kore-kore yake komawa. Wannan shi ne abin da kike gani. Ƙara shafi ba ya maganinsa, sai dai ya binne zanen motar.

Duhun gefuna kuma wani abu ne daban. Fenti mai danshi yana janyewa daga kaifin gefe da tudun layi, ya taru a kwari. Saboda haka a bakin ƙofa, gefen bonet da kewayen mazaunin taya, fentin ya fi siranta, firaima ta fi leƙowa. In toka ce a ƙasa, sai ka ga kamar an zagaye kowane fanni da fensir.

Maganin rawaya: bayan an gama gyara da ruwan toka, a rufe ta da fari har tokar ta ɓace gaba ɗaya, ba rabi-rabi ba. Farin da aka yi don wannan aiki, irin su Mr. Base White 1000 ko TS-101 na kamfanin Tamiya, ya fi fentin fari na gama-gari ƙarfin rufewa. Shafi biyu zuwa uku sirara sun isa. A kan wannan, rawaya irin TS-16 na kama jikinta a shafi uku. Wasu kan sa ruwan hoda a ƙarƙashin rawaya, kuma yana aiki, sai dai yana jan ta zuwa ɗumi, wajen ruwan ƙwai. In rawayar da ake so mai kaifi ce kamar ta lemon tsami, fari zalla ya fi.

Ja kuwa, ra'ayinmu ruwan hoda ya fi komai. Fari yana haska ja sosai, amma a gefunan da fentin ya janye sai a ga fari-fari, kuma in shafi bai daidaita ba yana nuna ɗigo-ɗigo. Ruwan hoda ɗan gidan ja ne, ko ya leƙo ba ya tsawa. Tamiya na da firaima ruwan hoda a gwangwani, Mr. Finishing Surfacer 1500 ma na da ita a kwalba. Mai bindigar feshi zai iya haɗa tasa: farar firaima kashi goma, jan fenti irin jinsinta kashi ɗaya. Da wannan shimfiɗa, jan Ferrari irin TS-8 kan fito yadda aka san shi a shafi uku. Amma in jan mai duhu ake nema, irin na tsofaffin motocin alfarma, to ruwan toka ko jar firaima mai kalar tsatsa ba laifi ba ne, taimako ma suke yi.

Launukan nan masu ƙuna kamar rigar ma'aikatan hanya, da ake gani a wasu motocin tsere, ba su da ƙarfin rufewa ko kaɗan. Su fari tas kawai suka sani.

Motarki ta yanzu, gara a wanke ta a sake. Jiƙa bodin cikin sinadarin cire fenti da aka rubuta ba ya cin roba, a goge da buroshi, a sake zurfafa layuka. Kada a kusanto da tinar motar gaske, narkar da bodin za ta yi.

TAMBAYA: Motar da na samu an zuba ta da jar roba, ni kuma fara nake so. Na sa farar firaima, na sa farin fenti, komai lafiya. Da na fesa kiliya, wato shafin ƙarshe marar launi mai sheƙi, washegari sai na tarar ta koma ruwan hoda. Aljanu ne?

AMSA: Ba aljanu ba ne, Malam, rini ne. Abu biyu ke sa jar roba ta ɓata fari, kuma ya kamata a bambance su. Na farko, haske ne ke ratsa siririn farin fenti ya nuno jan da ke ƙasa. Na biyu, wanda ya same ka, rinin da ke cikin robar ne tina mai zafi ta narkar, ya tsattsafo ta cikin kowane shafi har sama. Shi ya sa bai bayyana ba sai da ka yi shafin kiliya mai danshi: ita ce ta jiƙa duk abin da ke ƙasa har ta kai ga robar. Ja, ruwan goro da rawaya su suka fi wannan hali. In ka ƙara fari a kai, kwana biyu zai sake fitowa.

Abin da ake yi shi ne a gina katanga. Bayan firaima ruwan toka, a fesa azurfa siririya shafi biyu. Ƙwayoyin azurfa 'yan falle-fallen alminiyam ne masu kwanciya kan juna kamar ɓawon kifi, suna tare haske, suna kuma rage hanyar da rini zai bi. A kan azurfar sai farar firaima, sannan farin fenti. Wata hanyar ita ce firaima mai ruwa, wadda ba ta narkar da rinin tun farko, a bar ta ta bushe kwana biyu. Ko wacce aka bi, shafin farko na kowane sabon fenti ya zama raɓa-raɓa, kada a jiƙa. A fesa cikin bodin ma da toka ko baƙi, domin in an ɗaga fararen motoci ga fitila, jan ciki kan haskaka ta rufi.

Kafin ka taɓa bodin, yanko guntun sandar robar da sassan ke maƙale a jiki, wadda take launi ɗaya da shi, ka yi mata duk matakan har kiliya, ka ajiye kwana uku. In ta tsaya fara, bismillah.

TAMBAYA: Ina sha'awar jan nan mai zurfi kamar ana leƙa cikin ruwa, wanda ake ce wa kandi. Azurfa ake sa wa a ƙasa ko zinare? Na gwada sau ɗaya ya fito da ratsi-ratsi, kuma bonet ya fi sauran jiki duhu.

AMSA: Kandi ba fenti ɗaya ba ne, gini ne hawa uku: ƙasa mai walƙiya, tsakiya launi mai ratsuwar haske kamar gilashin fitilar baya, sama kiliya. Haka ma jan Soul Red na motocin Mazda yake a motar gaske, hawa-hawa ne. Tunda na tsakiya ba ya rufe komai, launin ƙasa shi ne rabin abin da ido zai gani.

Azurfa tana ba da ja mai haske da ɗan sanyi. Zinare yana ba da ja mai ɗumi da nauyi, kamar garwashi. Dukansu daidai ne ga ja da ruwan goro. Amma ga shuɗi, a guji zinare: rawayar da ke cikinsa za ta haɗu da shuɗin ta ba ka kore. Azurfa mai duhu, irin launin bakin bindiga, tana ba da kandi mai duhu sosai wanda sai a rana yake buɗewa. A nemi azurfa mai ƙananan ƙwayoyi. Ƙwayar da ta dace da motar gaske, a jikin ƙaramar mota sai ta zama kamar an watsa mata tsakuwa.

A ƙarƙashin azurfar kuma fa? Nan ma akwai zaɓi. A kan ruwan toka tana fitowa da haske, shimfiɗe. A kan baƙi mai sheƙi tana yin zurfi, ta fi kama da ƙarfe. Ko wanne ne, sai ƙasan ya yi sumul, domin babu fentin da ke fallasa zanen samfefa kamar azurfa: ƙwayoyinta kan jeru cikin zanen su haska shi. Kai firaima har samfefa 3000 kafin nan. Kuma da zarar an fesa azurfa, ba a goge ta da samfefa. In ƙura ta faɗa, a cire, a sake shafi ɗaya a kai.

Ratsin da ka samu daga hannu ne. Duk inda layin feshi biyu suka hau juna, launin ya ninka, ya yi duhu. Dabarar ita ce a raunana launin: a haɗa jan mai ratsuwa, irin X-27 na Tamiya, da kiliya irin jinsinsa ɗaya bisa ɗaya, sannan a sirka. Haka zai sa a buƙaci shafi biyar ko shida maimakon uku, amma kowane shafi kuskurensa kaɗan ne, na gaba ya gyara na baya. A ja baya kaɗan don feshin ya yi faɗi, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, hannu ya tafi da gudu ɗaya daga gaban mota har baya ba tsayawa. Shafi ɗaya a tsaye, na gaba a kwance. Kada a jiƙa, domin kandi mai danshi yana gangarawa cikin layin ƙofa ya yi baƙi-baƙi, ya bar gefuna fari.

Batun bonet kuwa, ka fesa shi daban ne, ko ba haka ba? Da kandi, shafi ɗaya na ƙari ya isa ya canza launi. Manna bonet, but da bamba a mazauninsu da ɗan tef daga ciki, a fesa su tare a matsayin abu ɗaya. Gefunan da ke ɓoye a fara ba su shafi biyu tukuna kafin a haɗa. Kuma a riƙa ƙirga shafi da baki, a rubuta.

Farin lu'ulu'u ma ɗan wannan gida ne. Ana shimfiɗa fari mai sheƙi sosai, sannan a bi da kiliyar lu'ulu'u irin TS-65 shafi biyu ko uku. In aka zarce, farin kan dushe ya koma toka-toka. Bayan duk wani fenti mai walƙiya, shafin kiliya biyu na farko su zama raɓa, in ba haka ba ƙwayoyin za su taso su yi iyo, su bar gajimare a jikin ƙofa.

TAMBAYA: Baƙar mota zan yi. In sa baƙar firaima kai tsaye?

AMSA: Toka tukuna don dubawa, domin baƙi mai sheƙi ba ya yafe ko ƙwayar zarra. Bayan gyara sai baƙar firaima. Amfaninta yana zuwa ne lokacin goge kiliya: in samfefa ta ci gefe ta wuce fenti, baƙi za ta tarar, ba farin layi ba. Baƙar firaima ta dace kuma da shasi, inji da cikin mazaunin taya, inda duk lungun da fenti bai kai ba zai zama inuwa.

TAMBAYA: Bamba da wilin da ke zuwa cikin kwali ƙyallinsu ya yi yawa, kamar kayan wasan yara, ga layin zubi a tsakiya. Na ji ana cirewa a sake fesawa. Me ya sa dole sai baƙi a ƙasa?

AMSA: Ƙyallin nan siririn alminiyam ne da aka ɗora kan wani man sheƙi. Jiƙa sassan cikin bilic na wanki, da safar hannu, cikin ɗan lokaci zai ɓace. Man da ke ƙasa yakan rage, a cire shi da sinadarin cire fentin da ba ya cin roba. A goge layin zubi, a sa firaima mai laushi, a kai ta 3000.

Fentin kurom irin Alclad II ba ya yin madubi da kansa. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, suna kwanciya ne su ɗauki siffar abin da ke ƙasa. In ƙasan madubi ne, su zama madubi. In yana da ƙurji, su zama azurfar banza. Saboda haka sheƙin ya fi baƙin muhimmanci, amma baƙin ne ke ba da zurfin da ke sa ido ya yarda ƙarfe ne. A fesa baƙi mai sheƙi ya kwanta kamar ruwa, a bar shi ya bushe sarai, kada yatsa ya taɓa. Sannan a rage iska zuwa psi 12 zuwa 15, a fesa kurom ɗin kaɗan-kaɗan daga gefe. Wurin tsayawa shi ne sirrin: da zarar ka ga fuskarka a jiki alhali baƙin bai gama ɓacewa ba, ajiye bindiga. Shafi ɗaya bayan nan, madubin ya tafi. Yawancin kiliya na dusar da shi, don haka a bar shi haka, a riƙa ɗauka da safar auduga.

TAMBAYA: Na shimfiɗa farin fentin inamel a matsayin ƙasa, bayan kwana biyu na fesa launi na gwangwani a kai. Nan take ya yamutse kamar fatar tsoho. Wani lokacin kuma firaimar kan fito da kaushi kamar yashi.

AMSA: Ka ɗora mai zafi kan mai sanyi. Fentin wannan sana'a jinsi uku ne. Akwai lakka, mai tina mai zafi, wanda ke bushewa da sauri ya yi tauri. Yawancin gwangwanayen feshin bodi da firaimomin da muka ambata a sama wannan jinsin ne. Akwai inamel, mai mai, wanda ke daɗewa: samansa kan bushe a kwana ɗaya amma cikinsa na iya kai mako biyu ko fiye. Akwai akirilik mai ruwa, mafi sanyi. Lakka ke zama a ƙasa, inamel ko akirilik su hau kansa lafiya. In aka juya, tinar lakka ta ratsa fatar inamel ta kumbura abin da bai bushe ba, shi ne yamutsewar da ka gani. Babu gyara sai wankewa. Hanya mafi sauƙi ita ce firaima, launin ƙasa, launin sama da kiliya duk su fito daga jinsi ɗaya. Don sanin ko fenti ya bushe, kai hanci kusa: muddin yana warin tina, bai gama ba.

A kula kuma da fentin motar gaske. Tinarsa ta fi ta ƙananan motoci zafi, tana iya cin robar kanta ta bar ta da tsaga-tsaga, har wuraren da aka goge layin zubi su sake fitowa kamar fatalwa. In za a yi amfani da shi, sai firaima ta rufe ko'ina ruf, shafin farko kuma su zama busassu.

Kaushin firaima kuwa alama ce ta bushe a iska kafin ta sauka: ka yi nisa, ko iska ta yi ƙarfi, ko tina ta yi kaɗan, ko wurin ya yi zafi. Matso kusa, rage iska, ka yi amfani da tina mai jinkirin bushewa irin Mr. Color Leveling Thinner. Wanda ya riga ya faru, samfefa 2000 a jiƙe za ta kwantar da shi, kada a ɗora launi a kan yashi da fatan kiliya za ta rufe. In kuma fentin ya yi hazo fari-fari, danshin iska ne ya yi yawa: tina na tashi tana sanyaya saman fentin, raɓa ta zauna a kai. Ranar da aka yi ruwa ba ranar feshi ba ce.

TAMBAYA: Ina da motar ƙarfe da nake so in canza wa launi, da kuma wani bodi na rezin. Firaimar roba za ta yi musu?

AMSA: Ba ita kaɗai ba. Motocin ƙarfen nan galibi haɗin tutiya ne, kuma firaimar roba ba ta kama shi da kyau, farce ma na ɓantare ta. Bayan an cire tsohon fenti, a goge da samfefa 600, a wanke maiƙo, a fesa firaimar ƙarfe siririya, wadda yawanci ba ta da launi, sannan ruwan toka a kai. Daga nan zaɓin launi ɗaya ne da na roba. Rezin kuwa, wato roba mai ruwa da ake zubawa a mazubi ta daskare, yana zuwa da man da aka shafa wa mazubi don kada ya manne. In ba a wanke shi sosai da sabulu da buroshi ba, fenti zai riƙa gudu yana barin 'yan ramuka kamar idon kifi. Rezin na da ƙananan ƙofofin iska da ba a gani sai an sa toka. A cike su da Mr. Surfacer 500 a tsinin tsinke. A goge shi a jiƙe kullum, ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce.

TAMBAYA: Launin da nake so ba ya cikin waɗanda aka saba ambata, wani kore ne mai haske. Ta yaya zan san shimfiɗar da ta dace ba tare da na lalata bodin ba?

AMSA: Da cokulan roba na yarwa. Duba bayan cokalin, ka nemi mai alamar PS ko lamba 6 cikin kusurwa uku, domin robarsa ɗaya ce da ta bodin mota. Mai lamba 5 fenti ba ya kama shi. Bayan cokali yana da lanƙwasa kamar madigadi, saboda haka yana nuna yadda haske zai zame a jikin motar. Ɗauki huɗu: ɗaya fara, ɗaya toka, ɗaya baƙa, ɗaya kuma farar da aka ɗiga wa ɗan koren da za ka fesa. Jera su a kan kwali, ka fesa musu launin lokaci ɗaya, shafi iri ɗaya. Manna tef a rabin kowanne bayan shafi na biyu, ka ƙara na uku, don ka ga bambancin da shafi ɗaya ke kawowa. Sa kiliya, domin tana ƙara wa launi duhu kaɗan. Rubuta abin da ka yi a jikin mariƙin da alƙalamin da ba ya gogewa: irin firaima, yawan shafi, yadda aka sirka. Ka duba su a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan ɗaki ba, sannan ka kai su inda motar za ta zauna ka sake dubawa. Kore mai haske galibi kan zaɓi fara ko wadda aka ɗiga wa launinsa. A kan toka yana komawa kamar na motar soja.